Rariyar da Baffa Ya Toshe

Ba na son warin jiƙaƙƙen siminti. Duk inda na bi ta gaban sabon gini na shaƙe shi, sai raina ya ɓaci, don ƙanen mahaifina yake tuna mini, wanda muke kira Baffa.

Gidanmu na Bagudo ginin ƙasa ne da kakanmu ya mutu ya bari. Ba zan ɓoye maka ba, ya yi mana kaɗan. Yara sun yi yawa, ɗakuna huɗu ne kacal, da safe har layi ake yi a bakin bayi. Shi ya sa ranar da Baffa ya ce zai faɗaɗa gidan, har guɗa mata suka yi. Lokacin kasuwa ta buɗe masa, yana ɗauko kaya daga Lolo da tsallaken Benin, muryarsa ta fara fin ta kowa. Mahaifina ne babba, amma manomin shinkafa ne mai sanyin hali, ba a neman ta bakinsa.

Ina da shekara tara, a ɗakin Kaka nake kwana, wato mahaifiyarsu. Ɗakin yana ƙuryar yamma, inda ƙasa ta ɗan gangara. A bayansa akwai rariya, wata kafa da kakanmu ya huda a gindin katanga, ta nan duk ruwan tsakar gida ke fita. Kowace shekara kafin ruwan farko, Kaka kan durƙusa ta zaƙulo sharar da ke ciki da hannunta.

Da rani aka sauke bulo. Aka rushe rumbuna biyu, aka sare lemun tsamin da muke wasa a ƙarƙashinsa, aka ɗaga harsashi har ƙugun mutum. Ɗakuna biyar suka tashi a jere, da baranda da kwano mai sheƙi. Sannan Baffa ya sa aka malale tsakar gida da siminti, aka canza katanga. Da maginin ya iso wurin rariya ya tsaya, sai Baffa ya ce ya rufe ta, ta nan ɓeraye ke shigowa.

Kaka ta fito da sandarta. "Kai, bar kafar ga. Ubanka bai huda ta don ado ba."

"Inna, wanga zamani ba a barin rami ga katanga. Bututu za a sa."

"Yaushe?"

"In an ƙare aiki."

Aka ƙare aiki, aka yi walima, ba a sa ba.

Tsakiyar damina, wata rana bayan la'asar, sama ta buɗe. Mahaifina yana fadama wajen Kaoje, Baffa yana kasuwa. Ruwan sabon kwano ya dinga zuba a kan simintin da ba ya shan ko ɗigo, ya gangaro gaba ɗaya ƙuryarmu, ya rasa mafita. Ni da Kaka muka kama kwarfar ruwan da ƙwarya har ya kai mini gwiwa. Ta ɗauki taɓarya ta je tana dukan bulon da ya toshe rariya, ko gezau bai yi ba. Mahaifiyata ce ta fizgo mu zuwa baranda. Muna tsaye muna kallo bangon ɗakin ya jiƙe, ya yi ciki, ya zauna a kan gadonta da tukwanenta da akwatin da ta zo da shi ranar aurenta.

Da Baffa ya dawo, ya tsaya ya dubi tarin laka ya ce, "Ai dama ya tsufa. Ruwa ya rage muna aikin rushewa."

A gabanta ya faɗa. Mahaifina ya sunkuyar da kai, shi ma na daɗe ina jin haushin wannan shirun nasa.

Aka sa ta a sabon ɗaki mai tayil da fanka. Aka hana ta hura wuta kada hayaƙi ya ɓata fenti, ita da bandar kifi ce sana'arta tun tana budurwa. Ba ta ƙara yin gardama da kowa ba. Bayan an yanke shinkafa ta ɗaure ƙunshinta, ta ce za ta gaida ƙanenta a tsallaken Benin, inda aka haife ta. Na riƙe mata zane a bakin mota ina kuka. Ta ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya ta ce, "Koma, ɗiyata, kina da makaranta." Can ta rasu bayan damina biyu. Sai da aka binne ta labari ya iso mana.

Yanzu gidan har bene gare shi, da rijiyar burtsatse da wutar sola. Ni ba maƙiyiyar bulo ba ce, 'ya'yana ma a ɗakin bulo suke kwana. Bara da sallah Baffa ya tara mu, ya tsufa, ido ya yi rauni. Ya ce duk wanda ya yi wa ba daidai ba ya yafe masa. Kowa ya amsa, "Mun yafe."

Ni na ce, "Baffa, mi ka yi?"

Na ba shi lokaci ya faɗa da bakinsa. Ya juya ya tambayi jikarsa ko an kawo fura. Na miƙe na sa takalmina, ban ce na yafe ba.