Cikin da Ya Kwanta a Bunkure

Mun tashi daga Kano bayan sallar asuba, mu uku a tsohuwar Landiroba: direba, da wata likitar mata 'yar Siriya da ba ta jima da zuwa ƙasar nan ba, sai ni. Ni ungozoma ce, amma ran nan tafinta aka ɗauke ni, don Hausar likita ba ta wuce "sannu" da "ina ciwo" ba. Ta hanyar Zariya muka bi, muna ta kauce wa motocin tumatir da ke shigowa birni a guje.

A Kura muka tsaya muka sha koko da ƙosai. Likita ta gutsuri ƙosai ɗaya da yaji, hawaye ya zubo mata, ta kuma miƙa hannu ta ƙara. Kwandon tumatir a bakin titi kuwa, kuɗinsa bai kai abin da nake sayen 'yan ƙwarori da shi a unguwarmu ba, har na ji haushin mai kayan miyanmu. Daga nan muka bi gefen kanal, wato magudanar ruwan noman rani. Duk da rani ne, ko'ina kore shar, ga alkama ta fara nuna, ga maza tsaye cikin ruwa suna buɗe wa gonaki hanya da fartanya.

Wani ƙauye muka sauka kusa da Bunkure, inda mai unguwa ya tara mana mata a gidansa. Likita ta yi bayani, ina fassarawa, a kan wani ciwo da ke hana ƙwan mace fita a kan lokaci: al'ada ta riƙa ɗaukewa wata da watanni, jiki ya yi ƙiba, gashi ya fito a haɓa, haihuwa ta yi jinkiri. Sai wata tsohuwa ta ce, "Wannan dai ba a garinmu yake ba."

Ita ce kuma ta jawo ni gefe daga baya. "Malama, ga surukata Uwani a ɗaki. Ita lafiyarta ƙalau, ciki gare ta, kwanciya kawai ya yi. A taimaka a tashe shi."

Shekara uku ke nan, in ji ta. Tun da al'adar Uwani ta ɗauke, cikinta ya ɗan taso, gida ya yanke cewa ɗa ne ya kwanta. Aka hana ta daka da surfe, aka hana ta ɗaukar tulu, kullum fura da mai da kunu don yaro ya samu ƙarfin motsi. Ba mugunta ba ce, ƙauna ce, kuma na san gidaje da yawa da haka za su yi.

Likita ta kwantar da Uwani ta danna mararta, ta saurara, ta sake saurara. Ta dubi haɓarta da take rufewa da gefen mayafi. Sannan ta ce da ni a hankali babu ciki, alamun ciwon nan ne, sai an je Kano an tabbatar.

Yarinyar ta zuba min ido, tsohuwa na bakin ƙofa, mata cike da tsakar gida. Na san abin da Uwani take tsoro, kada a ce shekara uku tana yaudarar gidan miji tana cin fura a zaune. Saura kaɗan in ce, "Sai a ci gaba da addu'a," mu shiga mota mu tafi. Ba wanda zai san na sauya magana. Na dai daure na faɗa mata yadda aka faɗa min.

Ba ta yi ihu ba. Cewa ta yi, "To Malama, duk daɗewar nan da wa nake hira?"

Da na fassara, likita ta zauna a ƙasa kusa da ita. Ta kama hannun Uwani ta ɗora a kan tata haɓar, inda ake jin kaushin gashin da take tsigewa. Ta ce a ƙasarsu ma haka mata ke ɓoye shi, uwa ba ta faɗa wa 'ya, ita kanta sai da ta shiga karatun likita ta san sunan abin da ke damunta. Ta daɗe ba ta haihu ba, yanzu 'ya'yanta biyu. Ba ta yi alkawari ba, amma ta ce akwai magani, kuma zaman nan da yawan ci ƙara shi suke yi.

Tsohuwa na jinmu. Sai ta fita tsakar gida ta ɗaga murya. "Ku ji da kyau, ni na ce ciki ne, ni na hana ta aiki. Yarinyar nan ba ta taɓa yi min ƙarya ba. Ciwo ne, kuma ni zan kai ta Kano da ƙafata."

Kafin mu tashi, mata huɗu suka shigo ɗakin ɗaya bayan ɗaya, kowace na cewa wata ƙawarta take tambaya wa. Muka amsa musu kamar mun yarda.

Bayan la'asar muka kamo hanya, an cika mana bayan mota da albasa da tumatir, muka iso gida kafin magariba. Abin da na koyo shi ne, shekarun da na yi ina tausaya wa mata da magana mai daɗi, wani lokacin kaina nake tausaya wa.

Ranar Litinin da na isa wurin aiki, na tarar da su a kan benci, Uwani da tsohuwar, sun riga kowa zuwa. Uwani ta miƙe ta gaishe ni, mayafinta a kafaɗa, haɓarta a buɗe.