Bangon ɗakin Inna

Shekarun baya, bayan rasuwar babanmu, na sha fama kafin mahaifiyata ta yarda ta baro ƙauyenmu na wajen Korgom ta dawo wurina a Tasawa. Ko yardar ma rabi ce. Cewa ta yi za ta zo ta gani, in wurin bai yi mata ba ta koma. Ni kuwa ba na so ta koma ta zauna ita kaɗai.

Maigidana ya sa aka shafe mata ɗaki da siminti, ya kawo fenti iri biyu in zaɓa, shuɗi mai haske da ruwan madara. Aka shafa kowane a gefe guda na bango. Nan na rikice. Da safe shuɗin ya fi, da la'asar sai ya yi duhu, ruwan madarar ya fito. Maƙwabciyata ta ce shuɗi na sanyaya ɗaki. Ƙanwar maigidana ta ce ruwan madara ne na manya. Shi kuwa ya ce, "Ke dai zaɓi, kafin gwangwanin ya bushe a hannunmu." Har tuwo na ƙona ina tsaye gaban bango.

Ban zaɓa ba har moto ya sauke Inna. Na ja ta ɗakin.

"Inna, wanne kike so?"

Ta dubi shuɗin ta ce, "Wannan na likita ne." Ta dubi ɗayan. "Wannan kuma inda ake ɗaukar mutum hoto na katin ɗan ƙasa."

Ta ƙi kwance kayanta, ta shimfiɗa tabarma a rumfa. Ni kuma na shiga tunanin ko fenti tsanwa zan sa a sayo.

Washegari na tarar da ita tana ƙwanƙwasa bangon da yatsa.

"Ke 'yar nan, wannan abin yana cin ƙusa?"

"Ƙusa kuma, Inna?"

"To ina zan rataye faya-fayaina da ƙoraina? A ka?"

Maigidana ya ɗauko guduma. Kafin azahar bango ya cika da faifai, ludayi, ragaya da carbin babanmu, siminti duk ya farfashe. A ranar ta kwance ƙunshinta.

Ba a taɓa ƙarasa fentin nan ba. Har yau in na shiga kai mata fura nakan leƙa tsakanin faya-fayan, kuma wallahi ban san wanda ya fi ba. Ita dai tana nan, tana yi mini faɗa kan gishirin miya.