Wuƙar da Na Hau Dutsen Kagoro da Ita

Shekarun baya can, wajen tsakiyar shekarun saba'in, ina sabon akawu a tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan, abokina ya zo ya same ni da wata magana. Tare muka yi firamare. Shi mutumin Kagoro ne, Kirista, ya zama malamin makaranta. Ni kuwa a bayan kasuwa aka haife ni, mahaifina mai sayar da atamfa ne. Ya ce kakansa yana can saman dutse, ya ƙi saukowa kamar yadda yawancin dangi suka sauko, ga ƙafafunsa sun fara gazawa. Zai kai masa bargo da gishiri da magani, ya kwana biyu. Ko zan raka shi?

Tun bai rufe baki ba na ce zan je, ni da ban taɓa hawa abin da ya fi matakalar ofishinmu tsawo ba.

"Amma ka nemi wuƙa," in ji shi. "Akwai igiya, akwai doya da za mu fere a hanya. Kuma in sun kama mana kaza, kai ne za ka yanka. Sun san ba ka cin wanda mu muka yanka."

Washegari na nufi kanti. Akwai wata wuƙa da na daɗe ina kallo a bayan gilashi, doguwa, mai ƙyalli, irin wadda nake zaton sojoji na ratayawa. Da na ji kuɗinta sai na mayar da ita a hankali kamar ƙwai. Mai kantin ya nuna mini wata 'yar ƙarama mai naɗewa, na kusa saye, amma na ce bari in shawarci mahaifina tukuna. Shi kuwa cewa ya yi, "Mai naɗewa ba ta yanka ba ce. Tana iya rufewa a kan yatsanka kana tsakiyar aiki. Je ka maƙera."

Maƙerin tsoho ne, abokin mahaifina, rumfarsa na ƙarshen kasuwa. Na gaishe shi, na faɗi buƙatata, ina nuna tsawon da nake so da hannu biyu. Bai ɗago ba ma.

"Kwana nawa za ku yi?"

"Biyu, Baba."

"Wa zai ɗaukar maka kaya?"

"Ni da kaina, a jakar goyo."

Sai ya jawo wata ƙatuwar wuƙa ta mahauta ya miƙo mini. "Riƙe wannan, hannu a miƙe, har in gama laujen nan." Na riƙe ina murmushi. Lauje bai ko yi ja a wuta ba kafaɗata ta fara rawa. Ya bar ni na ɗan sha wuya, sannan ya karɓa ya sa mini wata a hannu. Tsawon bakinta bai wuce tafin hannuna ba. Daga ƙarfen sifirin na babbar mota ya ƙera ta. Ya juya ƙotar ya nuna mini yadda ƙarfen ya ratsa icen har ƙarshe, an danne shi da ƙusa biyu. "Wannan ba ta girgiɗi, ba ta karyewa a wuya. In ta dakushe, kowane dutse ka samu ka wasa." Ya haɗa mini da kube na fatar akuya. Kuɗin duka bai kai na takalmin roba ba.

Gaskiya raina bai so ba. Da na kai gida mahaifiyata ta jujjuya ta, ta ce in na dawo in ba ta, ta rasa ta yankan kuɓewa. Da yamma mahaifina ya zaunar da ni a tsakar gida, don ya san abin da na ɓoye wa abokina: ban taɓa yanka ko tantabara ba. Ya ɗauko karan dawa ya mai da shi wuyan kaza, ya nuna mini inda ake take fikafikai, inda ake sa wuƙa, da yadda ake ja sau ɗaya ba tare da wahalar da dabba ba. Na yanka kara ya fi goma.

Ranar Asabar muka shiga mota zuwa Kagoro, muka fara hawa da hantsi. Damina ta zo ƙarshe, ciyawa ta kai ƙirji. Kafin azahar na gode wa Allah da tsohon maƙerin nan, domin har cokalin da ke jakata sai da na ji nauyinsa. Igiyar jakar abokina ta tsinke, muka yanko wata muka ɗaure. Muka zauna a gindin wata ɗorawa muka fere doya muka gasa. A nan ne ya ce, yana kallon wuta, "Akwai abin da ban faɗa maka ba. Kaka bai taɓa barin Bahaushe ya shiga gidansa ba."

Na ajiye doyar. Ya ce tun kakan yana yaro, kafin zuwan Turawa, mahara suka tafi da yayarsa daga gona a gindin dutsen, ba a sake jin labarinta ba. "Na gaya masa kai ɗan'uwana ne. Bai ce e ba, bai ce a'a ba." Na ji haushinsa ƙwarai, amma mun yi nisa, kuma ban san hanyar komawa ni kaɗai ba.

Da la'asar muka isa. 'Yan ɗakuna ne na laka a tsakanin manyan duwatsu, da rumbunan acca. Kakan na zaune kan wani falalen dutse a ƙofar gida. Abokina ya durƙusa ya gaishe shi da yarensu, ni ma na durƙusa. Bai amsa tawa gaisuwar ba. Ba fuskata yake kallo ba, ƙuguna yake kallo, inda na rataya kuben don in yi kama da matafiyi. Sai a lokacin na gane abin da yake gani: baƙo irina ya hau har ƙofar gidansa da wuƙa a ɗamara.

Ban san me ya ba ni dabarar ba. Na kwance ta da kubenta, na juya ƙotar wajensa, na ajiye a gabansa da hannu biyu. Na ce, "Kaka, ga ta. A wurinka za ta zauna har mu tashi."

Ya daɗe bai taɓa ta ba. Can ya zare ta, ya gwada kaifin a farcensa, ya auna ta a tafin hannu. Sai ya yi magana da Hausarsa ta wanda ya koya da girma: "Wannan ba na faɗa ba ne. Na aiki ne." Ya kira matar ɗansa, wadda ke kula da shi, ya yi mata magana. Jim kaɗan ta dawo da jan zakara. Ya miƙo mini wuƙar da kansa.

Ban taɓa jin tsoron wani abu kamar zakaran nan ba. Kara ba ya harbi da ƙafa, ba ya kallon mutum. Ga mutanen gida sun kewaye ni. Na tambayi gabas, na take fikafikan, na ambaci sunan Allah, na ja sau ɗaya. Ikon Allah, aka gama. Da na ɗago, zufa ta jiƙa mini riga sharkaf, tsohon yana dariya har yana tari. Ya ce wa abokina wani abu. Abokina ya fassara: "Ya ce wuƙar ta fi mai ita ƙarfin hali."

Kafin rana ta faɗi aka kawo tuwon acca, ya sa aka ajiye kwano ɗaya a tsakaninmu. Washegari bayan sun yi addu'arsu ta Lahadi, ya dogara sanda ya kai ni bakin wani kogo a bayan gidan, ya ce nan uwarsa ta ɓoye shi kwana uku a wancan lokacin. Ya faɗi sunan yayar tasa sau biyu. Na tsaya kusa da shi har ya juya.

Ranar da za mu sauka na je sallama, na miƙa hannu in karɓi wuƙata. Ya soke ta a jinkar ɗakinsa. "Bar shi nan," ya ce. "In ka dawo, ba sai ka ɗauko wani ba."

Na koma sau uku kafin ya rasu, kowane zuwa da zakaransa.

Har yau in na tuna, ba hawan dutsen nake fara tunawa ba, shirun nan nake tunawa, tsakanin ajiye wuƙar da ɗaukarta. Ni ban yi wa tsohon nan laifi ba, shi ma ya sani, amma hakan bai rage masa komai daga abin da ya rasa ba. Lokacin ina ganin ni na yi abin kirki da na durƙusa. Sai da na manyanta, na binne nawa mutanen, na gane wanda ya yi babban aiki a ranar. Ni minti biyu na yi a durƙushe. Shi kuwa shekara saba'in ya tsallake kafin ya ce a kamo zakara.