Kwamfutar Kwali

Ranar wata Litinin da tsakiyar damina, shekarar da muka shiga aji huɗu na sakandare, wata a-kori-kura ta shigo makarantarmu da ke hanyar Dandamisa, ta kafe a taɓon gaban ofishin firinsifal. Mu aka kira muka tura ta. Da aka yaye tamfol sai ga kwalaye, cikinsu kwamfutoci, kyautar wani ɗan siyasa da zaɓe ya ƙarato wa. Mu muka ɗauke su a ka har ɗakin da aka yi wa sabon fenti. Ranar ko abincin tara ba mu ci ba.

Washegari a asambuli aka karanta mana dokoki. Ɗalibi ba ya shiga ɗakin sai don shara, ita ma ba takalmi. Ba a kunna na'ura sai da janareta, ba a tayar da janareta sai da sa hannun firinsifal, shi kuwa ba ya sa hannu sai an aiko da mai daga sama, saman da har muka gama ba ta yi ko yayyafi ba. Doka ta ƙarshe ta malamai ce: wanda na'ura ta lalace a darasinsa, a albashinsa za a cire. Malam Garba, wanda aka ɗora wa darasin kwamfuta don kawai ya taɓa zama a Kaduna, mutum ne mai iyali da yawa da albashi mai zuwa a makare. Ya fahimci dokar fiye da wanda ya rubuta ta.

Sai ya sa muka yanka kwalayen da kwamfutocin suka zo a ciki, kowa ya zana kibod a nasa. A kai muka yi shekara uku muna danne-danne. "Ido a allo, yatsu a kwali," haka yake faɗa yana zagayawa da bulala, wanda ya danna ba daidai ba kuma ya sha ta, ko da yake har yau ban san yadda yake ganewa ba. Ranar Juma'a mu share ɗakin, mu kakkaɓe zannuwan da aka lulluɓe na'urorin da su, mu rushe gidajen zanzaro, mu fito da baya kamar masu barin gaban alƙali.

Duk ajin ba wanda ya kai Sale, abokina, ɗan wani manomin rake. In an tashi makaranta yakan wuce fadama wurin dafa mazarƙwaila, yana iza wuta da tukar rake, kwalinsa a cinya, yana buga sunayenmu ido a rufe. Kwalin har ya yi danƙo, tururuwa na binsa. Shi ke cinye makin darasin kowane zango, ya kawo maka ma'anar kowane sashe na kwamfuta da Turanci ba gargada. Injiniya yake son karantawa, innarsa ma har ta fara kiransa da sunan.

Da jarrabawar shiga jami'a ta zo, aka ce a kwamfuta za a yi ta, a Zariya. Ni na yi sa'a: kawuna ma'aikaci ne a sakatariyar Ikara, yakan bar ni in yi wasan karta a ta ofishinsu in oga ya fita. Sale kuwa a zane kawai ya san maus. Malam Garba ya ce mana da shi ake nuna abu a fuskar kwamfuta, bai ce a kan tebur ake jan sa ba, watakila shi ma ba a gaya masa ba. Ina layin baya na ga Sale ya ɗaga shi sama yana saita allon. Mai sa ido ya ce, "Kai ɗan ƙauye, ajiye shi, ba tocila ba ce." Aka yi dariya. Ya ajiye shi ya yi ta lalube, lokaci na tafiya, har ya danna wurin da ke rufe jarrabawar tun bai yi nisa ba.

A bas ɗin dawowa, da muka kusa Makarfi, Sale ya juyo ya ce da ni: "Habu, na san amsoshin. Duk na san su." Mahaifinsa bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "To, an gwada. Gobe akwai ban-ruwa."

Yanzu Sale dillalin rake ne, da waya yake cika mota zuwa Kano, yana da rufin asirinsa. Kwamfutocin kuwa 'yan gwangwan ne suka kwashe su a kilo, ba a taɓa kunna su ba. Bara na tarar da shi a kasuwa, nake ba shi labarin sabuwar dokar makarantarmu: ɗalibin da aka kama da waya, a gaban asambuli ake fasa ta da guduma. Yana feƙe rake ya ce, "Gara su, sun taɓa kafin a fasa."

Na yi dariya don ya yi. Wancan yaron mai kwali nake so in sake gani, wanda bai san abin da ake tanadar masa ba. Makarantarmu ta kula da kayanta ƙwarai, mu ne ba ma cikin kayan.