Sun Rufe Mini Hotonka, Malam

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, sha biyu ga Sha'aban, Allah Ya karɓi ran Malam Izzuddeen Gulma a Birnin Kebbi bayan doguwar jinya. Ni ce Laure Zauro, makauniyar da ya koya wa gina shafin intanet.

Malam, ranar da na fara shiga ajinka ɗalibai suka yi tsit, wani har ya tambaya ko ɓatan hanya na yi. Kai kuwa kujera ka jawo mini. Ka ɗora yatsuna a kan madannan kwamfuta, ka ce kowace alama da ake gina shafi da ita tana da sifofinta. Href ke faɗin inda za a kai mutum idan ya danna, src ke nuna inda hoto yake ajiye. Sai alt, 'yar jimlar da ake liƙa wa hoto domin na'ura ta karanta wa wanda ba ya gani. A kanta ba ka wasa. Ɗalibi ya tsallake ta, sai ka kashe masa allo ka ce, "To, hwaɗa muna mi ka cikin hoton." A cikin ɗalibanka Mansur ya fi kowa shan wannan horo, kuma shi ka fi ji da shi.

Da ka gina wa wata ƙungiyar masunta ta Argungu shafi, a nan na fara ganin kogin da na girma a bakinsa. Wayata ta karanta mini: "Dankure a ruwa iya ƙirji, rungume da gora, yana dariya, haƙorinsa ɗaya babu." Shekara da shekaru ina sayen kifi wurin Dankure ban san yana da giɓi ba! Na yi ta tsokanarsa har ya rantse sai ya kai ƙararka.

A gadon asibiti, a gabana, ka damƙa wa Mansur ajin da shafin. Abu guda ka roƙe shi, kada hoto ya hau babu bayani. Ya ce ya ɗauka, har da kuka.

Ba a gama zaman makokinka ba Mansur ya sake wa shafin fasali. Na buɗe, waya ta ce hoto, hoto, hoto, shi ke nan. Na kira shi, sai ya ce, "Haba Laure, wa ka karanta wanga abu? Mutane hoto su ka son gani." Ashe ni ba na cikin mutane. Wallahi raina ya ɓaci, kuma har yanzu bai huce ba. Amana ce ya ci, ba zan sa mata wani suna ba.

Abin da ya fi ƙona ni, hotonka ne ya sa a sama da saƙon ta'aziyya. Kowa na cewa ya yi kyau. Ka siffanta mini Argungu kaf, amma ba ka taɓa siffanta mini kanka ba.

Don haka na je wurin matarka, Yaya Kulsumi, ta riƙe hoton tana faɗa ina bugawa. Na buɗe maka ɗan shafi da hannuna. Yanzu wayata na cewa: "Malam Izzuddeen, siriri, hularsa a karkace, yana murmushi, yana kallon ɗaliba."

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Allah Ya ba Yaya Kulsumi da yara da mutanen Gulma haƙuri. Ya kuma haɗa mu inda zan ga fuskarka da idona. Amin.