Katin da Na Zaɓa wa Mahaifiyata

Shekarun baya, ina gama jami'a na samu aikin koyarwa, aka tura ni wata makaranta a Doguwa. Ban san kowa a garin ba. In aka tashi daga makaranta, sai in koma ɗakina in kunna rediyo don kawai in ji muryar mutum. Gidanmu yana Bebeji. Duk ƙarshen wata nakan shiga mota, in sauka a Kwanar Dangora, in nemi wata, in kai wa mahaifiyata abin da ya samu.

Ni ɗan fari ne, saboda haka ba ta kiran sunana, ba ta haɗa ido da ni, ba ta hira da ni yadda take yi da ƙannena. In na je, zan durƙusa a bakin ƙofa in gaishe ta, in ajiye kuɗin a gefen tabarma, ta sa albarka tana kallon wani wuri. Sai a kawo min tuwo in ci a nan, tana zaune tana harkarta. Ziyarar ke nan.

To ni mutum ne mai yawan zullumi. Ina tsoron tafiya da kuɗi a aljihu, ina tsoron ranar da ciwo zai kama ta albashi bai shigo ba. Sai na kira abokina da ke aiki a wani banki a Kano. Ya ce akwai katin cire kuɗi na yau da kullum, akwai kuma katin bashi, wanda za ka kashe kafin albashi ya zo ka biya daga baya.

Na ɗauki abin kamar jarrabawa. Na yi makonni ina kwatanta cajin wannan da na wancan, ina tambayar malaman addini batun kuɗin ruwa, ina sake kiran abokina a kan abin da ya riga ya amsa. Wata rana ya gaji ya ce, "Mutumina, kati fa za ka zaɓa, ba matar aure ba! Ko sai mun tura a binciko asalinsa?"

Daga ƙarshe na bar na bashin. Ba zan ce na fahimci hukuncinsa gaba ɗaya ba, zuciyata ce dai ba ta kwanta ba. Na buɗe asusu daban, na karɓi katin cire kuɗi, na kai wa gwaggona da ke zaune a gidanmu, na nuna mata yadda za su cira wajen mai POS na bakin kasuwa. Na koma Doguwa ina jin na yi dabara. Na daina zuwa gida.

Wata ya ƙare na tura kuɗi asusun, ban ga alat na cirewa a wayata ba. Wani ya ƙare, shiru. In na kira, gwaggo ce ke ɗauka, ta ce kowa lafiya. Ranakun Asabar da na saba yi a mota sai na koma yin su a ɗaki, ina wanke kayan da ba su yi datti ba, ina duba waya. Na zargi bankin, na zargi mai POS, har na zargi gwaggo da mance lambar sirrin katin.

Da abin ya ishe ni na kama hanya. Na tarar mahaifiyata tana tuyar ƙuli-ƙuli, sana'ar da ta bari tun da na fara aiki. Na durƙusa na gaishe ta, na juya wajen gwaggo na ce, "Gwaggo, katin ne ya ƙi yi?"

Ta ce, "Ina muka sani, ɗan nan? Ko gwadawa ba ta bari an yi ba. Yana can cikin kwalla."

Mahaifiyata ba ta ɗago ba. Tana juya ƙuli a cikin mai ta ce wa gwaggo, "A gaya masa ba yunwa muke ji ba. A gaya masa abin nan da ya kawo ba ya gaisuwa."

Ban taɓa jin ta yi magana mai tsawon wannan a kaina ba. Sai a lokacin na gane, ko in ce nake zaton na gane, cewa kawo kuɗin nan shi kaɗai ne ya ba ta damar ganina ba tare da ta nema ba. Ba za ta taɓa buɗe baki ta ce in zo ba. Ni kuma na tambayi ma'aikacin banki, na tambayi malamai, ban tsaya na duba wadda za a ba katin ba.

Na karɓi katin na mayar aljihu, na ci gaba da zuwa kamar da. Tsoron hanya bai bar ni ba, shiga motar dai nake yi da shi.

Yanzu in ƙananan malamai suka tambaye ni wane kati ya fi, nakan gaya musu ɗan abin da na sani, in ƙara da cewa su fara duba mutumin da za su miƙa wa. Ita kam ta rasu bayan 'yan shekaru, Allah ya jiƙanta. In albashi ya shigo, Asabar ɗin nan tawa ce gaba ɗaya, kuma har yau ban san abin da zan yi da ita ba.