Akori-kurar Mahaifina Mai Sitiyari a Dama

Ƙanen mahaifina ya sace mini mota, ya kawo wata ya ajiye a gurbinta, ya dubi tsabar idona ya ce ita ce. Saboda wannan ƙarya tasa ban ga gawar mahaifiyata ba. Na fara da wannan ne don kada ka zaci labarin ƙarfe zan ba ka. Ni ba mai dogon karatu ba ne, a aji biyu na sakandare na ajiye biro, don haka yadda abin ya faru haka zan faɗe shi, wanda zai ji haushi ya ji.

A unguwar Bolori ta Maiduguri na tashi. Asalinmu Larabawan Shuwa ne, makiyaya. Kakana ya bi shanu har ƙafafunsa suka tsattsage, mahaifina ne ya fara zaman gari, ya kama dillanci a kasuwar shanu. Da hannunsa ya yi nauyi sai ya sayi akori-kura sabuwa dal, launinta kamar nonon da ya kwana a ƙwarya. Ta jirgin ruwa ta shigo ƙasar nan, tun kafin a fara haɗa irinta a gida. Giyarta a wuyan sitiyari take, shimfiɗar bayanta katako ne, sitiyarin kuma a dama, don an saye ta kafin gwamnati ta canja hannun tuƙi. Da aka canja, masu irinta suka yi ta kai nasu gareji ana mayar da sitiyari hagu. Mahaifina ya ƙi. Ya ce ba a sauya wa saniya ƙaho.

Kaka ta ba ni labarin ranar da aka kawo ta gida. Ta ce ƙarfen da ake yi wa shanunmu shaida da shi mahaifina ya sa a wuta, da ya yi ja ya kwanta a ƙarƙashin motar ya danna shi a jikin katako. Maƙwabtanmu Kanuri suka yi ta dariya, wai ɗan Shuwa ya sayi mota yana tsoron kada ta bi garken wani.

Raguna ya sayo ta ta ɗauka, amma unguwa ta ba ta wani aiki. Maƙabarta da nisa, kuma wanda ya san bazarar Maiduguri ya san ba a tafiya da makara a ka tsakar rana sai an ji jiki. Sai ya zama duk gidan da aka yi rasuwa, ƙofarmu ake fara zuwa. Bai taɓa karɓar ko na mai ba. A haka katakon nan ya sha kafur da ruwan magarya da turare har ƙamshin ya zauna masa. A wanke da sabulu, a shanya a rana, yana nan. Yaran unguwa sukan ɗare bayan kowace mota, ban da tamu. Awaki ma da ke neman inuwa ko ta tsintsiya ce, ban taɓa ganin ɗaya ta kwanta a ƙarƙashinta ba.

Sai maganar ƙyauren baya. Ƙugiya biyu ne ke riƙe shi, kuma mahaifina da hannunsa yake saƙala su kullum da yamma, a gindin darbejiyar ƙofar gida inda take kwana. To wata safiyar sai a fito a tarar ƙyauren a buɗe, ya zazzago kamar harshen san da aka yanka. Ranar kuwa, kafin la'asar, sai ka ji sallama a zaure da irin muryar da ba ta gaisuwa ba ce.

Ina da kamar shekara bakwai na fara lura. Na ce, "Baba, wa ya buɗe?"

Bai dube ni ba. Ya ce, "Ƙugiya ce ta saki. Allah kaɗai ya san gaibu. Je ka ɗauko jarka."

Haka yake faɗa kullum, kuma kullum sai ya sayo mai. Mahaifiyata kuwa in ta leƙo ta gani, sai ta koma ciki. Kaskon turarenta take kashewa, ta ɗauko tsohuwar tabarmar da ake shimfiɗawa a baya ta kakkaɓe. Ba don kowace rasuwa ƙyauren ke buɗewa ba a duk faɗin gari, a'a, sai wadda motar za ta ɗauka. Kuma ban taɓa ganin ya buɗe ta wuni a banza ba.

Ina saurayi, Baffa, wato ƙanen mahaifin nawa, ya zo da wani attajiri daga Legas mai tara tsofaffin motoci. Mutumin nan ya zagaya ta ya fi sau goma. Ya durƙusa da babbar rigarsa ya karanta lambar da aka buga a ƙashinta, ya duba tambarin da ke kusurwar kowane gilashi, ya ƙwanƙwasa katakon. Ya ce ya yi yawo ƙasar nan bai ga mai dama da ba a taɓa ba sai wannan. Ya yi tayin da zai sayi sababbi har da canji. Mahaifina ya bari ya gama, sannan ya ce, "Alhaji, a garinku ana sayar da makara?" Attajirin ya yi dariyar yaƙe ya tafi. Baffa bai yi dariya ba.

Bayan shekara biyu, wata safiyar damina, ni na fara fitowa na ga ƙyauren a buɗe. Mahaifina ya aike ni gida-gida in ji ko akwai mai jinya. Babu. Har tsohon da ke kwance tun azumi na tarar da shi zaune yana shan kunu. Na dawo na faɗa masa. Ya ɗauko bokiti ya wanke bayan motar da kansa, abin da ya daɗe da bar mini. Ya cika tanki. Ya miƙo mini makulli ya ce, "Hannunka ya faɗa, ko? In ka ɗauki mutum kada ka wuce giya biyu." Ya shiga ɗaki bayan azahar ya ce zai ɗan kishingiɗa. Ni na tuƙa shi da la'asar, a giya biyu.

Mahaifiyata tana cikin takaba Baffa ya zo ya ce motar ta gaji, zai kai ta a yi mata gyaran gaske, sadakarsa ce ga ɗan'uwansa. Wa zai hana? Wata huɗu ba mu gan ta ba. Da ta dawo, lambar ita ce, launin shi ne, amma sitiyari ya koma hagu, bayan kuma ƙarfe ne. Kowane abu da amsarsa a bakinsa. Sitiyari, wai 'yan sanda sun fara kama masu dama. Katako, wai ya ruɓe, gara ta cinye shi. Na ce to shaidar Baba fa da ke jiki? Ya ce, "Kai yaro, saniya ce?" Dattawan gida suka ce in gode masa. Na durƙusa har ƙasa na gode masa. Wannan durƙuson har yau in na tuna sai abinci ya fita raina.

Na ci gaba da saƙala ƙugiya da yamma, ina dubawa da safe. An yi rasuwa biyu a layinmu ƙyauren bai motsa ba, sai na ce wa kaina ai a asibiti suka cika, motar asibiti ta kai su. Mutum in yana son ya yarda da abu, ba ya rasa hujja.

Sai mahaifiyata ta kwanta zazzaɓi. Kwana uku, da sauƙi da ba sauƙi. A rana ta huɗu wani abokin kasuwa ya matsa in raka shi Baga a motarsa mu kwana ɗaya. Na fita da sassafe na tsaya a bayan akori-kura. Ƙyaure a rufe, ƙugiya biyu daram. Har girgiza shi na yi. Na shiga na ce mata zan tafi. Ta ce, "Ka duba?" Na ce na duba. Ta ce, "To Allah ya kiyaye hanya." Ita ma ta yarda, ka gani. Da hantsi ta cika. Lokacin babu wayar hannu. Washegari na dawo na tarar da tabarmi a ƙofar gida, an riga an kai ta a motar haya.

Bayan sadakar bakwai na tuƙa motar zuwa Old Maiduguri, wurin wani tsohon makaniki Bakanure mai ido ɗaya, wanda shi ke duba ta tun tana sabuwa. Ya amsa gaisuwata a daƙile. Bai ko buɗe injin ba. Ya buɗe ƙofar dama, ya ɗaga robar ƙasa, ya kama hannuna ya ɗora a ƙarfen.

"Shafa."

Na shafa. Sumul.

"In an cire haƙori, gurbi yana nan. Ina ramin da sandar sitiyari ta bi? Ina na birki, ina na kuloci, ina na totur? Ko walda aka yi aka toshe, yatsa zai ji tabo. Wannan a hagu aka haife ta. Haɗin gida ce, irinta sun fi jakuna yawa." Ya cusa hanci a jikin ƙofa. "Bandar kifi ma take ɗauka a da."

Na sunsuna. Kifi, can ƙarƙashin warin fenti. Shekara biyu ina shaƙarsa ina cewa hancina ne.

Ya ce masu dama uku ya sani a garin nan. Ɗaya ta ƙone a hanyar Gamboru, ɗaya an yanka ta an sayar da kayanta, ta mahaifina ce kaɗai ta saura yadda ta fito daga jirgi. Ya ce da idonsa ya gan ta a ɗaure bisa tirela ta nufi hanyar Damaturu, ƙyauren bayanta a buɗe yana lilo. "Na ɗauka kai ka sayar, ɗan Shuwa. Shi ya sa ban zo maka gaisuwa ba." Da na baro garejinsa, a hanya ta mutu mini sau biyu, sai da 'yan unguwa suka tura.

Yanzu kowane masallaci da motar gawarsa, fara mai rubutu a jiki, ba ta da wani ƙamshi kuma ba ta san kowa ba. Ta bogin nan kuwa tana nan a ƙofar gidana. Ina hura mata taya, ina canja mata batir, 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe sun gaji da yi mini tayi. 'Ya'yana suna ganin taɓuwa ce. Baffa yana raye, ya tsufa tukuf, kuma duk hanyar da za ta bi da shi ta layinmu ba ya yarda a bi. Ya san dalili, don na gaya masa tun ranar da na je wurin makanikin.

Daga gareji gidansa na wuce, sabon gida a Jiddari Polo. Na tarar da shi a zaure da baƙi ana shan shayi. Ya ce, "A'a, ɗana, shigo mana." Ban cire takalmi ba. Na ce:

"Baffa, ba rigima na zo yi ba, kuma ba kotu za ni ba. Wadda ka sayar ita ta kai ubanka, ta kai uwarka, ta kai yayanka, babu wanda ta ajiye a hanya. Wannan da ka kawo mini na karɓa, zan kula da ita, ba mai hawa bayanta sai kai. Ranar da taka ta zo ni zan tuƙa ka da hannuna. Sai dai ka gaya wa 'ya'yanka su ci abinci da kyau ranar, don ba ta kaiwa maƙabarta sai an tura."